Kwamfuta a makarantar yarjejeniya: tsokaci a kan tsarin koyarwa na Summit a Amurka

0. Gabatarwa

A watan Nuwamba na shekarar 2018, ɗalibai wajen 100 na wata makarantar sakandare ta gwamnati da ke unguwar Brooklyn, cikin birnin Niyok, suka fice daga azuzuwansu ana tsakar karatu. Mu da muka saba ganin ɗalibai suna fita saboda bursu ko rashin malamai, dalilin fitar waɗannan zai ba mu mamaki: cewa suka yi sun gaji da zaman sa'o'i gaban kwamfuta suna koya wa kansu abin da ya kamata malami ya koya musu. Tsarin da suka yi wa bore, wanda ake kira Summit Learning, ba a makarantarsu aka haife shi ba. An tsara shi ne a ɗaya gefen ƙasar, a jihar Kaliforniya, cikin wasu ƙananan makarantun yarjejeniya waɗanda sunansu ya yi tashe ƙwarai a lokacin.

A cikin wannan ƴar takarda muna so mu duba yadda tsarin nan ya raba aikin koyarwa tsakanin malami da na'ura, da kuma abin da ya faru sa'ad da aka ɗauke shi daga mahaifarsa aka kai wasu makarantu. Mun zaɓe shi ne domin, a cikin dukan ƙoƙarin da aka yi na shigar da kwamfuta (ko ordinatar, yadda muka fi faɗa a nan) cikin karatun sakandare, yana daga cikin waɗanda aka fi yin tunani a kansu kafin a soma, aka kuma fi kashe wa kuɗi. Sukar aikin da aka yi da gaggawa ba ta ƙara wa kowa sani. Amma wanda malamai masu himma suka gina, injiniyoyin Facebook suka ƙera masa kayan aiki, in an gano inda ya yi rauni, to akwai abin ɗauka ga duk mai horar da malamai da duk wanda magabata za su nemi shawararsa ranar da aka zo da tayin na'urori.

1. Makarantar yarjejeniya da asalin Summit

Abin da ake fassarawa da école à charte a Faransanci, mun ga ya fi dacewa mu kira shi "makarantar yarjejeniya". Makaranta ce da ake biya da kuɗin gwamnati gwargwadon yawan ɗalibanta, amma wata ƙungiya mai zaman kanta ke tafiyar da ita bisa takardar yarjejeniya ta ƴan shekaru. Ba a biyan kuɗin karatu, kuma in masu nema sun fi gurabe yawa sai a jefa ƙuri'a. Don haka kada mai karatu ya haɗa ta da privé sous contrat na Faransa, wanda dokar Debré ta 1959 ta kafa, inda iyaye ke biyan wani abu, gwamnati kuma ta biya albashin malamai kai tsaye ta tilasta tsarin karatunta. Jihar Minesota ce ta fara kafa dokar irin waɗannan makarantu a 1991, Kaliforniya ta biyo baya a 1992, kuma zuwa 2021 yaran da ke cikinsu sun kai wajen miliyan 3 da dubu 700, watau kimanin kashi 7 cikin 100 na ɗaliban makarantun gwamnati. Ginshiƙin yarjejeniyar musaya ce: an sakar wa makaranta mara ta tsara lokacinta, ta ɗauki malaman da take so, ta gwada sabuwar dabara, ita kuwa ta yarda a auna ta, a rufe ta in ba ta cika alkawari ba. Mai karatu ya riƙe wannan batu na awo, za mu komo kansa.

An buɗe makarantar farko ta Summit a 2003 a garin Redwood City, cikin yankin nan na kamfanonin kwamfuta da ake kira Silicon Valley, ƙarƙashin jagorancin Diane Tavenner. Ƙaramar lise ce ta shekara huɗu, daga ajin da ya yi daidai da troisième har zuwa terminale, ɗalibai wajen 100 a kowace shekara. A farkonta ba da na'ura ta yi suna ba. Abin da aka san ta da shi shi ne kowane ɗalibi, ko ɗan wane ne, yana bin darussan shiga jami'a, ba a ware masu ƙoƙari daga masu nawa, kuma kowa yana da malami majiɓinci guda wanda ke riƙe da shi tun shigarsa har fitarsa. Kusan dukan waɗanda suka gama sukan sami gurbi a jami'a, har wani fim na 2010 mai suna Waiting for "Superman" ya nuna ta cikin makarantun da iyaye ke rububin ƙuri'arsu.

Juyin ya zo ne wajen 2011, lokacin da shugabannin suka bi sawun tsofaffin ɗalibansu suka tarar, bisa ga lissafinsu, kashi 55 cikin 100 ne kawai ke kan hanyar kammala jami'a. Fassarar da suka yi wa wannan adadi ita ce tushen duk abin da ya biyo baya: sun ce malamai sun tallabi yara fiye da kima, har ba su koyi tafiya da ƙafarsu ba, da suka je jami'a inda babu mai bin su da tuni sai suka faɗi. Dole mu yaba musu wannan waiwaye, domin makarantu kaɗan ne ke neman labarin ɗalibi bayan ya karɓi takardarsa. Amma fa fassara ce guda cikin masu yiwuwa. Tsadar jami'a a Amurka, da bashi, da aikin neman abinci da ɗan talaka ke haɗawa da karatu, duk suna iya fitar da ɗalibi ko da ya ƙware wajen tsara lokacinsa. Sun zaɓi bayanin da makaranta ke da maganinsa a hannu, maganin kuwa ya bi ta na'ura.

2. Rabon aiki tsakanin malami da na'ura

Bayan wani gwaji da darussan lissafi na Khan Academy a 2011, Summit ta soma gina dandalinta na intanet, kuma a 2014 Facebook ya ba ta aron injiniyoyi don su inganta shi. Ga yadda tsarin ya kasance a shekarun da ya fi bazuwa, daga 2015 zuwa 2019. Kowane ɗalibi da kwamfutarsa ta hannu. An kasa karatu gida biyu. Kashi na farko ayyukan bincike ne da ake yi a aji tare da malami har makonni, kamar kafa hujja a rubuce kan wani batun tarihi ko tsara gwajin kimiyya. Ana auna su da ma'aunin "ƙwarewar tunani" mai rassa 36 da aka tsara tare da wata cibiya ta jami'ar Stanford, kuma a yawancin darussa su ke ɗauke da kashi 70 cikin 100 na maki. Kashi na biyu, mai 30, shi ne sanin ƙunshiyar darasi: ma'anar kalmomi, ƙa'idojin kimiyya, al'amuran tarihi da dalilansu. Wannan an yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da jerin bidiyo da rubuce-rubuce da atisaye, ɗalibi ya zaɓi wanda ya ga dama ya bi shi kaɗai cikin sa'o'in da aka keɓe. In ya ji ya shirya sai ya nemi a buɗe masa gwaji mai tambaya 10. Ya ci 8 ya wuce, ya kasa ya sake. Sau ɗaya a mako yakan zauna da majiɓincinsa kamar minti 10 su duba inda aka kwana.

Masu tallar tsarin sun riƙa gabatar da shi kamar abin da ba zai yiwu ba sai da kwamfuta ta zo. Tarihi bai goyi bayansu ba. Tun 1919 Carleton Washburne ya kafa irinsa a makarantun Winnetka, kusa da Shikago: rabin lokaci yaro na bin littattafan atisaye masu ɗauke da amsoshinsu shi kaɗai, yana neman gwaji in ya shirya, sauran rabin kuma ana ayyukan haɗin gwiwa. Helen Parkhurst ta yi nata a garin Dalton a 1920, inda ɗalibi ke sa hannu kan takardar alkawarin aikin wata. Waɗanda suka karanta Freinet a cikinmu sun san fichier autocorrectif da plan de travail, waɗanda jijiyarsu daga can take. Har sukar ma ba sabuwa ba ce, domin a 1925 William Kilpatrick ya riga ya tuhumi tsarin Winnetka da raba abin da ba ya rabuwa, watau sanin abu da aiki da shi. Kwamfuta ta sauƙaƙa gyaran gwaji da ajiyar maki. Zanen ginin kuwa ya kusa shekara ɗari.

A nan ne muke ganin babban raunin. Rabon 70 da 30 yana ɗauke da wani ra'ayi game da ilimi: cewa ƙunshiya ƙaramin aiki ce, hadda ce da yaro zai iya yi shi kaɗai, tunani kuwa wata ƙwarewa ce mai zaman kanta da ake ɗauka daga tarihi a kai wa kimiyya. Duk wanda ya taɓa gyaran dissertation na bak ya san ba haka abin yake ba. Ɗalibin da bai san abin da ya wakana tsakanin 1919 da 1939 ba, ba zai kafa hujja kan musabbabin yaƙin duniya na biyu ba ko da ya haddace rassan nan 36. Wanda kuma ya iya tantance takardar tarihi yana iya zama makaho gaban jadawalin sakamakon gwajin sinadarai. Da abin da aka sani ake yin tunani. Bayanin sabon abu mai wuya, kamar dalilin da ya sa moins sau moins ke ba da plus, shi ne wurin da aka fi bukatar malami mai kallon fuskoki, mai ganin wanda ya yamutsa goshi, mai sauya misali nan take in na farko bai shiga ba. Daidai wurin nan ne kuwa zanen ya janye malami ya aza bidiyo.

Sa'an nan akwai batun zaɓi. An ce ɗalibi ya ɗauki hanyar da ta dace da shi cikin jerin. To amma wanda bai san abu ba, da me zai gane wane bayani ya fi, ko ma ya gane cewa bai fahimta ba? Paul Kirschner da Jeroen van Merriënboer sun duba binciken da aka yi a kan wannan tambaya a 2013, suka nuna cewa masu koyo, musamman sababbin shiga, sukan zaɓi abin da ya fi musu daɗi ko sauƙi, wanda ba lalle ne ya fi amfanar su ba. Ɗalibin da ya fito daga gidan da ake karatu, wanda ya riga ya iya duba shafi ya fitar da jigonsa, gudu zai yi a wannan tsari. Wanda ke karatu da ƙyar kuwa an bar shi da rubutun da ya fi ƙarfinsa don ya koyi abin da bai sani ba. Dogaro da kai shi ne abin da Summit ta ce tana so ta koyar, amma a sa'o'in kwamfuta sai ya zama sharaɗin shiga.

Gwajin nan mai tambaya 10 shi ma da nasa. Yawancin tambayoyin na zaɓen amsa ne, na'ura ke gyarawa, kuma ana iya sakewa. Ɗalibi mai wayo ba ya daɗewa bai gano cewa hanya mafi kusa ita ce ya tsallake jerin ya dinga faɗa wa gwajin har sa'a ta zo ba, kuma ɗaliban Brooklyn da kansu sun koka da sauƙin satar amsa. Bari mu ɗan ratse. Karatun kowa da takinsa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, haka makarantar allo take tun kaka da kakanni: yara talatin a zaure ɗaya, kowa da inda ya tsaya, ba mai wanke allonsa sai ya biya. Amma wa yake biya wa? Malam, wanda ke saurare da kunnensa, ya san inda yaron ke tuntuɓe, ya san jiya ma a nan ya tuntuɓe, ya kuma san ko wasa ne ya yi yawa ko yunwa ce. Ba muna cewa a ɗauki makarantar allo ta zama samfurin lise ba, manufarsu dabam take. Abin da muke nunawa shi ne, a tsarin da kowa ke tafiya shi kaɗai, nauyin duka yana wuyan mai ba da izinin wanke allo, kuma Summit ta miƙa wannan kujera ga ma'aunin 8 cikin 10.

Ko takin ma, da ake cewa na ɗalibi ne, akwai magana. A fuskar dandalin akwai wani shuɗin layi a tsaye da ke matsawa kullum bisa kalandar shekara, kuma duk gunduwar da layin ya wuce ba a ci gwajinta ba sai ta koma ja. Mai sauri yana da ƴancin wuce layi; mai nawa kuwa zai buɗe kwamfuta kowace safiya ya ga ja yana ƙaruwa. Ba mu ga laifin injiniyoyi a nan ba, shekarar karatu tana da ƙarshe, jami'o'i na jiran maki. Sai dai a daina cewa an ƴanta yaro daga agogo.

Adalci ya wajabta mu faɗi cewa a makarantun Summit na asali abin bai kai yadda wannan bayani zai sa a zata ba. Larry Cuban na jami'ar Stanford, wanda ya shafe shekaru yana nuna yadda fim da rediyo da tele da kwamfuta suka shiga aji da kirari suka ƙare a ɗakin ajiya, ya zauna a azuzuwan Summit a 2016, kuma abin da ya bayyana a littafinsa na 2018 malamai ne masu koyarwa: suna tambaya, suna bayani, suna kasa yara rukuni-rukuni, na'ura tana nan kamar alli da kaye. Tsarin da kansa ya tanadi malami ya jawo waɗanda suka maƙale ya yi musu darasi a ƙaramin rukuni. Watau inda abin ya yi kyau, malamai ne suka cike gurbin da zanen ya bari.

3. Batun awo

Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Hujjar da aka fi jingina da ita ta Benjamin Bloom ce, ta 1984, wadda Mark Zuckerberg da kansa ya kawo a ƙarshen 2017 don bayyana burin gidauniyarsa: ɗalibin da aka koya wa shi kaɗai yana zarce na ajin gama-gari da écart-type biyu, watau matsakaicin yaro ya wuce kashi 98 cikin 100 na takwarorinsa. In na'ura za ta ba kowane yaro malaminsa na kansa, ai an gama. Sai dai adadin Bloom ya fito ne daga kundin digiri na ɗalibansa biyu a jami'ar Shikago, gwaje-gwaje na kimanin mako uku a kan ƙananan darussa (probabilité da zanen taswira), da jarrabawar da masu binciken suka tsara da kansu. Da Nickow da Oreopoulos da Quan suka tattara gwaje-gwaje 96 na koyarwar ɗaiɗai ko ta ƙaramin rukuni a 2020, matsakaicin ya tsaya wajen 0,37. Wannan ma riba ce babba, amma ta mutum ce zaune kusa da yaro. Binciken cibiyar RAND na 2017 kan makarantun da ke bin hanyar karatun kowa da takinsa ya sami ƙarin wajen centile 3 a lissafi, a karatu kuwa bambancin bai kai a dogara da shi ba.

Game da Summit ita kanta, labarin gajere ne. A 2016 ta biya wata cibiyar bincike ta jami'ar Harvard don ta tsara yadda za a auna tsarin a makarantun da suka karɓe shi. Da aka gama shiri, a 2017, sai ta ce ba za a yi ba. Jaridar Chalkbeat ce ta bayyana wannan a watan Janairu na 2019. Dalilan da Summit ta bayar su ne nauyin da binciken zai ɗora wa malamai, da cewa jarrabawar gama-gari ba ta auna irin ƙwarewar da suke koyarwa. Dalili na biyu yana da ƙanshin gaskiya, mu ma mun san iyakar jarrabawa. Amma in an ƙi ma'aunin waje, abin da ya rage shi ne makin da malaman gida suka bayar da ma'aunin gida. Bugu da ƙari, makarantar yarjejeniya tana da wata dama da mai bincike zai yi kwaɗayinta: ƙuri'ar shiga tana raba masu nema gida biyu ba tare da son rai ba, waɗanda suka ci da waɗanda suka faɗi, sai a bi su shekaru a kwatanta. Da wannan hanya aka auna makarantun yarjejeniya na Boston da na ƙungiyar KIPP. Ƙungiyar da ta sauya dukan tsarinta saboda adadin masu kammala jami'a, ita ce ta fi cancanta ta nemi a bi wannan adadi daga waje. A 2020 Faith Boninger da Alex Molnar da Christopher Saldaña na jami'ar Colorado suka nemi bayanan da iƙirarin Summit ya dogara a kansu, suka rubuta cewa ba su sami ƙwaƙƙwarar shaida ba, kuma ba a ba su yawancin takardun da suka roƙa ba. A ganinmu, ga makarantar da ƴancinta ya samo asali daga alkawarin yarda da awo, wannan ya fi duk wani aibi na dandalin nauyi.

4. Abin da aka ɗauka da abin da aka bari

Daga 2015 aka soma ba da tsarin kyauta ga makarantun da suka nema. Makarantu 19 suka fara. Zuwa shekarar karatu ta 2018-2019 sun kai wajen 380, da ɗalibai sama da dubu 70, kuma mafi yawansu makarantun gwamnati ne na gama-gari. A 2017 aikin injiniyoyi ya koma hannun gidauniyar Chan Zuckerberg Initiative, wadda jaridar New York Times ta ce a 2019 ta riga ta ware wa Summit dala miliyan 99, fiye da miliyar 50 na sefa ke nan.

Abin da aka aika wa waɗannan makarantu shi ne dandali da darussan da ke cikinsa, da horon ƴan kwanaki a lokacin babban hutu, da mai ba da shawara daga nesa. Sauran kayan suna Kaliforniya. Iyayen Redwood City su suka nemi makarantar, suka shiga ƙuri'a da sanin irin karatun da ake yi. Na ƙananan garuruwan Kansas tashi suka yi suka tarar an sauya wa makarantar garinsu tsari. Malaman Summit an ɗauke su ne don wannan aiki. Ɗalibanta sukan tafi mako takwas a shekara wajen koyon fasaha da sana'a da ziyarar wuraren aiki tare da wasu malamai dabam, malaman aji kuwa su sami wannan lokaci na horo da shiri tare. Makarantar gwamnati mai jadawalin da hukuma ta ƙayyade ba ta da inda za ta samo mako takwas. Majiɓincin da ya san yaro shekara huɗu ba a tura shi ta waya. An ɗauki abin da ke ɗaukuwa, shi ne kuwa mafi rauni cikin kayan.

A watan Disamba na 2017 hukumar ilimi ta Cheshire, a jihar Connecticut, ta dakatar da tsarin a tsakiyar shekara bayan ƙorafin iyaye. A Brooklyn an janye shi daga azuzuwa biyu na ƙarshe bayan ficewar ɗalibai. A 2019 garuruwan McPherson da Wellington na Kansas suka ɗauka, wasu iyaye na kukan ciwon kai da kaɗaicin ƴaƴansu. Amsar Summit ita ce waɗannan tsiraru ne cikin ɗaruruwa, kuma inda yara ke yini gaban na'ura ba a aiwatar da tsarin yadda aka tsara shi ba. Mai yiwuwa ne. Amma hujjar "kuskuren aiwatarwa" tana da wata illa da ya kamata ɗalibanmu masu shirin rubuta kundi su lura da ita: in an ci nasara tsari ne, in an faɗi malamai ne, ta haka babu sakamakon da zai iya ƙaryata tsarin. Tsarin da ba ya tsayawa sai da zaɓaɓɓun malamai da mako takwas na horo, waɗannan sharuɗɗa suna cikin farashinsa, ya kamata a rubuta su a jikin tayin.

Mu a Nijar bai kamata labarin ya zama mana baƙo ba. Telen makaranta da aka soma a Yamai a 1964 da taimakon Faransa ta jawo hankalin masana daga ƙasashe da dama: azuzuwa ashirin da ƴan kai, yara wajen 800, monitoci masu gajeren horo a maimakon malamai masu takarda, da darussan da wata babbar ƙungiyar ƙwararru ke shiryawa. Rahotannin lokacin sun yaba da yadda yaran ke magana da Faransanci. Amma abin da ya sa gwajin ya yi kyau, watau tarin ƙwararru a kan azuzuwa kaɗan da zaman shirin a gefen tsarin ma'aikatar ilimi na yau da kullum, shi ne ya hana shi zama lakwal ta kowa, a ƙarshe kayan aikin suka zama harsashin telen ƙasa. Firamare ce wannan, zamanin ma dabam, kuma a nan an fito fili an ce na'ura za ta tallafa inda babu ƙwararren malami, abin da Summit ba ta taɓa faɗa game da nata ba. Kamancin a wuri ɗaya yake: an ga nasarar ƙaramin gida mai gata, aka rataya ta a wuyan na'ura.

Saura batun kyauta. Dandalin ya riƙa tara sunan ɗalibi da makinsa da kowane gwaji da ya yi da burin da ya rubuta wa kansa. Da farko akan nemi sa hannun iyaye kafin a shigar da yaro, daga baya aka soke wannan sharaɗi. Summit ta sha nanata cewa ba ta sayar da bayanan, kuma ba mu da dalilin ƙaryata ta. Tambayarmu ita ce wa ke riƙe da maɓallin. A 2019 malaman makarantun Summit suka kafa ƙungiyar ƙwadago, a shekarar kuma aka raba shirin bazawa daga makarantun aka miƙa shi ga wata ƙungiya dabam, wadda daga baya ta ɗauki sunan Gradient Learning. An rufe makarantar Summit Rainier ta San Jose a 2020, aka rufe Summit Denali a 2023. A cikin 2023 ɗin nan ne kuma gidauniyar Chan Zuckerberg ta sanar cewa za ta janye hannunta daga kula da dandalin. Makarantun da suka sake jadawalinsu da hanyar ba da makinsu da horon malamansu don su dace da dandalin, ba su suka yanke wannan shawara ba.